Adaidaita Mai Lantarki: Wa Zai Biya Balas Yayin da Take Caji?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da wuya a tashi taro kan sufuri ba a ambaci motocin lantarki ba. A baki lissafin da daɗi: ba sayen fetur, ba juyen baƙin mai, ba wanke fulogi. Sai dai masu wannan lissafi galibinsu ba su taɓa kai balas ba.

Ɗan adaidaita sahu a Kano yana fitowa da asuba, kuma ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da yamma mai keke na jiran kuɗinsa. A gidan mai, minti biyar ya sha ya wuce. Batir kuwa sai an ba shi sa'o'i. Duk awar da keken ya yi a jone, fasinjan Sabon Gari wani ne ya kwashe. Wannan ma idan akwai wutar ke nan. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana raba abin da bai fi megawat 5,000 ba a yawancin ranaku, kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe kwanaki a duhu. Wanda ya tayar da janareta don ya yi wa keke caji, ai fetur ɗin da ya guda ya sake saya, ta bayan gida.

Ga zafi, wanda ke rage wa batir kwana. Ga gyara: keken fetur ya lalace, bakanike na bakin titi, kayan gyara na Ƙofar Ruwa. Na lantarki fa, wa zai buɗe shi?

Ban ce abin ba zai yiwu ba. A Maiduguri, garin da ya daɗe babu wutar gwamnati bayan an fasa turakunta a 2021, wani ɗan kasuwa mai suna Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas-bas zuwa masu aiki da batir. A Ruwanda, kamfanin Ampersand yana riƙe da batiran, ɗan acaɓa ya zo ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya kama gabansa. Ni a ganina, a nan ya kamata jihohi su zuba kuɗi: rumfunan musayar batir masu sola a tashoshi, kafin a sake jera motoci a filin wasa ana yanka kirtani.