Kuɗin haya ma maganar majami'a ce

Majami'un Ingila ba su da jama'a irin namu. Coci guda a Gombe ranar Lahadi, ta ECWA ko ta Katolika, za ta tara mutanen da coci biyar a unguwarmu ta gabashin Landan ba su tara ba. Amma a kan maganar wurin kwana, 'yan tsirarun nan sun fi mu iya tsayar da gwamnati a gabansu, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Idan sanyi ya kankama, majami'u kan yi karɓa-karɓa: yau wannan ta buɗe ɗakin taronta, gobe waccan. A jera ƙananan gadaje, tsofaffin mata su dafa miya, da safe a ba kowa shayi ya kama gabansa. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma mun iya. Da rikicin Boko Haram ya koro mutanen Borno da Yobe da Adamawa wajen 2014, gidajen dangi da majami'u da masallatai ne suka kwashe su a Gombe. Zumuntar Mata ta tara masara da zannuwa ba tare da an roƙe ta ba.

Inda muka rabu shi ne bayan an ɗauke kwanuka. Su nan sai su tambaya: me ya fito da mutumin nan titi, kuma wa ke da alhakin gyarawa? Ƙungiyar Shelter mai fafutukar gidaje, wani limamin coci ne, Bruce Kenrick, ya jagoranci kafa ta a 1966. Akwai kuma Citizens UK, inda coci da masallaci da makaranta ke zama teburi ɗaya. Gabanin zaɓen magajin garin Landan na 2016, sun tara dubban mutane, suka zaunar da 'yan takara Sadiq Khan da Zac Goldsmith, suka karanta musu buƙatunsu kan gidaje, kowa ya faɗi e ko a'a a bainar jama'a. Daga irin wannan naci aka samu gidaje 23 a tsohon asibitin St Clement's, waɗanda ake yanka wa farashi bisa abin da mutanen unguwa ke samu. Kaɗan ne, amma akwai masu kwana a ciki. A 2021 kuma Cocin Ingila ta fitar da rahoton da ya ce ita ma ta duba filayenta kafin ta nuna wa wani yatsa.

Kada a ɗauka nan aljanna ce. Har yau ina tsallake masu kwana a bakin tashar jirgin ƙasa, haya kuma tana lashe albashi. Sai dai dokar 2017 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimakon wanda zai rasa muhalli cikin kwana 56, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mu fa? Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 take kumbura, har ta haɗiye Tumfure. Mai gida yana son kuɗin shekara a dunƙule, dillali ya ɗora nasa. Wanda bai da ƙarfi ya je ya yi gini a bakin kwari, damina ta zo ta tafi da rabin ɗakin. Rashin muhallinmu ɓoyayye ne: iyali guda cunkushe a ciki ɗaya, almajirai a zaure, 'yan ci-rani a barandar shaguna. Ga shi tun 1992 doka ta ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi don asusun gidaje na ƙasa. Ku tambayi malaman makaranta da ke zaune kusa da ku a sujada, nawa ne suka ga makulli? Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 16 na tsarin mulki kuma ya ambaci samar wa 'yan ƙasa matsuguni, ko da yake ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Tunda kotu ba ta shiga, bakin jama'a ne ya rage.

Shugabanninmu na addini suna zuwa Gidan Gwamnati, ba ƙyamarsa suke ba. Ana maganar tsaro, kuma dole ne a yi. Sauran kuwa kujerun Urushalima da Makka ne, da shinkafar Kirsimeti da ta azumi. Wanda ya karɓo buhu hamsin, da wane baki zai tambayi jerin sunayen waɗanda aka raba wa gidajen gwamnati?

Mai haya a Bolari da na Jekadafari kukansu ɗaya, ko ina suke ibada. Zaɓen 2027 na tafe. Da CAN da JNI da Izala za su kira masu neman gwamna filin wasa na Pantami, su nemi filaye masu takarda da ruwa da hanya a farashin ƙaramin ma'aikaci, su nemi dokar biyan haya wata-wata, ba na jin akwai ɗan takarar da zai iya ƙin zuwa.