Katantanwa ninki take yi, ba ƙari ba

Abin da ya faru jiya a ƙarƙashin hoton katantanwar nan har yanzu yana ci min rai. Kun dai gani. Bawan Allah ya ɗora zanen katantanwa da ya yi a Fusion 360, manhajar zanen 3D, ya rubuta cewa ya kwaikwayi halitta daidai da ma'aunin zinariya, wato ninki na 1.618, ana ta yaba masa. Na ce ɗan'uwa, murɗin nan ba na katantanwa ba ne. Sai aka yo kaina, wai hassada ce, wai ai abin ado ne kawai. To ba zan yi shiru ba, domin akwai masu koyo da za su kwashi kuskuren su tafi da shi.

Maɓallin Coil na manhajar ya danna, ba wani abu ba. Shi kuwa wannan maɓallin murɗin Arkimidis yake bayarwa, wato tazarar da ke tsakanin kowane zagaye da mai bi masa ɗaya ce, kamar maganin sauro na kunnawa, kuma kaurin bututun ba ya canzawa. An yi shi ne don sifirin da zaren kusa. Katantanwa ba haka take girma ba. Dabbar da ke ciki a bakin kwanson kaɗai take ƙara gini, ba ta komawa ta rushe na baya, jikinta kuma yana girma ba tare da siffarsa ta sauya ba. Saboda haka kowane zagaye ninkin na baya ne. Idan na farko milimita 2 ne, na biyu 6, to na uku 18 zai zama, ba 10 ba. Ɗauki ƙaramar katantanwa ka ajiye kusa da babba irinta, za ka ga kamar hoto ɗaya aka faɗaɗa.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. Masanin lissafi Descartes ya bayyana wannan murɗin mai ninki tun 1638. Henry Moseley ya auna shi a jikin kwansuna a 1838. A 1966 David Raup ya nuna cewa abubuwa huɗu sun isa a fitar da yawancin siffofin: yawan ninkin kowane zagaye, nisan baki daga sandar tsakiya, yadda murɗin ke gangarowa a kan sandar, da siffar bakin kanta. Da kwamfutocin wancan zamani ya yi aikin. Mu da muke riƙe da manhajojin zane irin su Rhino da Blender da FreeCAD, wane uzuri ya rage mana?

Batun zinariyar ma ya fi ɓata min rai. Murɗin zinariya yana ninkawa da 1.618 a kowane rubu'in zagaye, kusan sau 6.85 ke nan a zagaye cikakke. Kwanson notilus, wata dabbar teku da ake ta liƙa wa wannan labari, kusan sau 3 yake ninkawa. Ku ɗora ɗaya a kan ɗaya ku gani da idonku, ba sa haɗuwa.

Masu cewa ai ya yi kyau, na ji. Amma shi ya ce ya kwaikwayi halitta, ba ni na sa masa maganar a baki ba. Masu cewa lissafin ya yi wuya kuma, wallahi bai kai yadda kuke zato ba. Zana bakin kwanson, ɗan ƙwai-ƙwai, gefe da sandar tsakiya. Kwafe shi, juya shi digiri 30, sannan ka faɗaɗa shi daga tsinin sama, ba daga tsakiyarsa ba. Nan ne sirrin yake: faɗaɗawa daga tsini tana ƙara girman bakin, da nisansa, da gangarowarsa, duk a lokaci guda. In kana son ninki 3 a zagaye, kowane kwafi ka ninka shi da 1.096, goma sha biyu su cika zagaye. Sai ka haɗa su da Loft, maɓallin da ke shimfiɗa jiki daga wannan kwafi zuwa na gaba. Idan manhajar ta ƙi saboda zagayen suna shiga juna, yi rabi-rabi ka haɗe daga baya. Kar kuma ka nemi kaiwa tsakiya, murɗin ba ya taɓa isa can. Ka fara da ɗan ƙaramin baki ka toshe tsinin. Ranar da na fara ganin nawa ya fito daidai, na daɗe ina jujjuya shi a allo, na kasa rufewa.

Masanin lissafi Jacob Bernoulli ya so wannan murɗi mai ninki har ya yi wasiyya a sassaƙa masa shi a kabari. Ya rasu a 1705 a Basel, mai sassaƙar kuma ya yi masa na Arkimidis. Yana nan har yau a jikin dutsen, kuma duk sanda na tuna sai na ji tausayin mutumin.

Af, har na manta. Bakin katantanwar jiya a hagu yake. Riƙe kwanso tsininsa sama, bakin yana kallonka: a wajen kashi 90 cikin 100 na nau'o'in dodon koɗi, bakin a dama yake. Na hagun akwai su, amma kaɗan ne. Ina kyautata zaton juyin ya ba lamba mai alamar ragi, ko kuma ya danna Mirror, mai juya zane kamar a madubi, bai lura ba. Ɗan'uwa, in kana karanta wannan, turo min fayil ɗin mu gyara tare.