Addu'a mun yi wa Gwaggo, aikinta fa?

Ranar da aka yi addu'ar arba'in ta Gwaggo a Anka ta jihar Zamfara, ni ina zaune a kan wani bencin katako a lambun unguwarmu a kudancin Landan. Daga aikin dare na fito, waya a hannu, ina jiran ƙanena ya kira ni in yi wa mata gaisuwa. A jikin bencin an kafa ɗan fallen ƙarfe mai ɗauke da sunan wata mata, da shekarar da aka haife ta, da wadda ta rasu, da layi guda da ke cewa ta yi shekaru tana ciyar da mabukata a unguwar. Ban taɓa ganinta ba, amma ga shi na san sunanta, kuma duk wanda gajiya ta zaunar a wurin zai sani. Sai na tuna gidajen da Gwaggo ta yi wa sallama a ƙasar Anka, waɗanda ba su ƙirguwa, na tambayi kaina: nan da shekara 20, wa zai iya faɗin abin da ta yi?

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ungozoma ce, gadon aikin ta yi daga kakarmu. Ba ta shiga aji ba, allo ta yi, kuma tana rubuta ajami da hannu mai kyau. Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, ba ta sake aure ba. Wanda ya girma a unguwarmu ya san cewa idan aka buga ƙofa da tsakar dare, kafin a gama sallama ta riga ta ɗauki fitila da mayafi.

Amma abin da nake so a riƙe game da ita ya faru ne a 2010, shekarar gubar dalma. Matasa da yawa yanzu labarin kawai suke ji. Zinariya ta yi tsada a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma, kuma gida ake kawo shi. A tsakar gida ake farfasa shi, a daka a turmin da ake daka hatsi, a kai injin niƙa, a baza shi ya bushe a inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta zauna a ƙasa, a ƙwarya, a zanin goyo. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 suka fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai rasuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, gwajin jini ya biyo baya ya nuna dalma. Yara sama da 400 suka tafi a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji da maƙwabtansu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da maganin yake yi: ƙwaya ce da ke kama dalmar da ke jini ta fitar da ita ta fitsari. Na kuma san cewa maganin aikin banza ne in yaro zai koma ya zauna a ƙasar da ta sa masa ciwon. Dole sai an kankare saman ƙasar gidan, an kwashe an binne ta nesa, an zubo sabuwa. To amma kafin magani da kankara akwai wani aiki da ba a cika faɗa ba, shi ne a shiga gidan tukuna. Likita namiji, balle baƙo, iyakarsa zaure. Magidanta kuma suna tsoro, don sun san in aka tabbatar dutsen ne ke kashe yara, za a hana haƙa, alhali noman shekara bai kai abin da dutsen ke kawowa a 'yan makonni ba. Akwai gidajen da aka ɓoye rasuwar yara saboda wannan tsoron. Ban ga laifinsu sosai ba. Talauci ne ya sa mutum zaɓi tsakanin tuwon yau da lafiyar gobe.

A nan matan irin Gwaggo suka shigo. Ita ba mai hana ta shiga, domin rabin matan gidan ita ta karɓi haihuwarsu, wasu ita ta yanke cibiyar mazansu. Takan hau mashin ɗin ɗan acaɓa da safe ta nufi ƙauye, ta zauna a kan tabarma, a kawo mata fura, ta sha, a yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta ɗauko zancen. Ba ta taɓa ce wa kowa ya bar zinariya ba. Abin da take roƙo kaɗan ne: a fitar da dutsen bayan gari, maigida ya wanke jiki ya canza tufa kafin ya ɗauki yaro, a raba turmin hatsi da na dutse, a bari a ɗebi jinin yara. Da na kira ta a lokacin ina mata faɗan yawan tafiya da ciwon gwiwarta, abin da ta ce mini shi ne, "Ɗiyata, yaro bai cin zinari, ƙasa shika ci. In ban tahi ba, wa za shi hwaɗa musu?" Takan raka uwa da ɗanta har asibiti a Anka, ta kwana da su, don wata matar ba ta taɓa kwana a wajen ƙauyensu ba.

Bagega ce ta fi ci mata rai. An tsabtace sauran ƙauyuka, ita aka bar ta, yara kimanin 1,500 suna jiran magani, maganin yana jiran a kankare ƙasa, kankarar tana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012. Sai da matasan Follow The Money masu bin diddigin kuɗin gwamnati da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch suka tayar da ƙura a intanet aka saki kuɗin a farkon 2013. Waɗannan matasa sun cancanci yabo, kuma sunayensu suna rubuce, kowa zai iya nemowa. Matan da suka riƙe iyaye da haƙuri duk tsawon jiran nan, suna hana su fid da rai, ba su cikin kowane rahoto.

Bayan dalma sai 'yan bindiga. Mutanen ƙauyuka suka kwararo Anka, wasu suka fake a ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a kammala ba. Gwaggo ta tsufa a lokacin, amma ta haɗa matan unguwa suka kafa adashe na musamman, kwasar ba ta kowa ba ce, ta masu jego ce a cikin 'yan gudun hijira. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a faɗin jihar, na yi makonni ban ji muryarta ba. Da layi ya dawo, ba ta tsaya ba ni labarin kanta ba, lissafin haihuwar da ta karɓa ta shiga yi mini.

Yanzu bari in faɗi abin da zaman Ingila ya nuna mini, kuma ba da niyyar fifita su nake faɗa ba. Ina taimakawa ranar Asabar a wani wurin rabon abinci ga mabukata. Dattijuwar da ta kafa shi ta rasu a tsakiyar mako, ranar Asabar aka buɗe ƙofa a kan lokaci. An yi kuka, an ajiye furanni, amma ba wanda ya koma gida hannu wofi. Dalili kuwa a fili yake. Sunayen masu karɓa suna rubuce, da abin da kowa ba ya ci. Kuɗin yana asusun ƙungiya, ba a lalitar mutum ɗaya ba, kuma ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Dokar ƙasar ma ta ce ƙungiyar agaji da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara ta yi rajista da hukuma. Tun tana da rai matar ta koya wa mutum uku duk abin da take yi. Da ta tafi, aikin bai bi ta ba.

Akwai kuma abin da suke da shi da ba zan so wa maƙiyina ba. A ɗakin da nake aiki na sha riƙe hannun tsoho yana cikawa, ba ɗa ba jika, wani ma hukumar gari ce ke binne shi don ba wanda ya zo neman gawar. Ƙasar da sai da ta naɗa minista na musamman kan kaɗaici a 2018. Gwaggo kuwa a cinyar 'yar ƙanenta ta cika, ana laƙƙana mata kalmar shahada, kuma sahun jana'izarta ya cika layi ya fita titi. Matan ƙauyukan da ta yi wa hidima sun zo gaisuwa duk da hatsarin hanya. Ba benci ko allon ƙarfe da zai kama ƙafar wannan. Su ma Turawan suna mantuwa: Mary Seacole, baƙar mace 'yar Jamaika da ta yi jinyar sojojinsu a yaƙin Kirimiya, ta rasu a 1881, aka yi kusan ƙarni ba a ambatonta, sai a 2016 aka kafa mata mutum-mutumi a harabar asibitin St Thomas. Ni ba mutum-mutumi nake nema wa Gwaggo ba, addininmu bai ba mu wannan ba, ita ma da ta ji za ta yi tir.

Abin da ke damuna shi ne, hadisin da muka haddace tun muna Islamiyya ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mu mun riƙe na ukun da kyau, Allah ya karɓa. Biyun farko ne muke sakaci da su. Muna tara kuɗi a dafa shinkafa a raba, mu da ke waje mu turo namu, a zagaya hoton mamaci a WhatsApp da "Allah ya jiƙan rai", a watse. Bayan wata uku adashen masu jego ya tsaya, don ita ce ke bi gida-gida tana karɓa, kuma ita kaɗai ta san wa ya zuba wa bai zuba ba. Ni ma da nake wannan magana, a shekarun da na yi ina kiranta ban taɓa cewa ta zauna ta faɗa mini yadda take tafiyar da aikin in rubuta ba, kuma wannan yana min ciwo.

Kada wani ya ce miƙa aiki ga na baya ɗabi'ar Turawa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, amma 'Yan Taru, ƙungiyar ilmantar da mata da ta kafa, ba su mutu da ita ba. Ta zaɓi dattawan mata amintattu daga ƙauyuka, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa alamar izini, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar, su kula da marasa lafiya da marayu. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon abin. Tsari ne da aka gina don ya fi mai shi tsawon rai, a ƙasarmu, da harshenmu. Ko waƙafi da jiharmu ke da hukuma sukutum a kansa, ai ma'anarsa ke nan.

Na san za a ce Gwaggo don Allah ta yi, tallata aikinta zai zama riya. Na yarda ba ta son yabo, ko godiya aka cika yi mata sai ta kawar da zancen. Amma riya ciwon mai rai ne, wanda ke kwance a kabari ba ya neman a gan shi. Kuma abin da nake cewa a rubuta ba kirarinta ba ne. Yadda ake shiga gidan da maigida ke tsoro, wace magana ake farawa da ita, wace mata ce ake ji a kowane ƙauye, wannan ilimi ne, kuma za a sake bukatarsa. MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022, gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a ƙarshen 2024, dutsen kuma yana nan da dalmarsa.

Ga wani abu da ya kamata kowace ungozoma a yankin ta sani. Dalma ba ta ƙarewa a jini kawai, tana taruwa a ƙashi ta zauna shekaru. Idan mace ta ɗauki ciki, jiki yana jawo sinadarin ƙashi don gina ɗan tayi, dalmar ta biyo shi ta koma jini ta isa ga jariri. Yaran da ke rarrafe a 2010 yanzu 'yan mata ne, wasu an kai su ɗaki. Gwaggo ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta san wadda ta sha magani har ƙarshe da wadda aka ɗauke tun ba a gama ba.

Da ƙanena ya kira a ranar nan, bayan na gaisa da mata, na roƙe shi ya duba cikin adakarta. A ƙarƙashin zannuwa ya sami littattafan rubutu biyu irin na 'yan firamare, cike da ajami: sunan yaro, sunan uwarsa, ƙauyensu, wasu da ɗigo a gaba, wasu da layi. Matar da ta fi raka ta ƙauye, wadda muke kira Inna, ta ce ɗigo na nufin an gama magani, layi na nufin yaron ya rasu. Na ce, "Inna, waɗanda ba ɗigo ba layi fa?" Ta yi shiru, sannan ta ce su ne waɗanda Gwaggo take cewa za ta koma ta duba. Mun yi da ƙanena zai ɗauki hoton kowane shafi ya turo mini in juya shi zuwa boko, littattafan kuma su zauna a hannun Inna. Ta ce bayan sallar Juma'a za ta tara matan adashe a tsakar gidan Gwaggo, a karanta sunayen da ƙarfi, a ji wa ya san inda kowace yarinya take aure.