Mashin mai caji: a yi masa doka tun kafin a wayi gari an hana shi

Ranar Talatar da ta wuce, muna fitowa daga sallar Magariba, saura ƙiris wani yaro ya kwashe Baba Liman da mashin mai caji. Ba wanda ya ji tahowarsa. Da Jincheng ne ko Boxer, tun daga bakin layi ƙarar salansa za ta sa kowa ya raɓe jikin katanga. Wannan kuwa iska kawai muka ji, madubi ya fizge carbin da ke hannun tsohon, yaron ya ja burki yana jan ƙafa a ƙasa. Bai wuce shekara goma sha biyu ba, ga ƙaninsa a baya rungume da ledar awara. Fitila a kashe, wai yana tattalin caji.

Bayan Isha na je na sami mahaifinsa, maƙwabcina ne, mutumin kirki. Ya ba da haƙuri sosai, sannan ya ce, "Amma Malam, ai keke ne. Ba ya shan mai, ba shi da salansa, har feda gare shi." Na ce, "Alhaji, ara mini in ɗana." Na hau na miƙe layin, kafin in kai kwana allon gabansa ya nuna gudun kilomita 48 a awa. Na dawo na ce masa, "Alhaji, a duk kekunan da muka hau muna yara, wanne ne ya taɓa yin wannan gudun da yara biyu a kai?" Ya yi dariya, ni ma na yi, amma carbin Baba Liman har yanzu ba a gama tsince 'ya'yansa ba.

Kada wani ya ɗauka ina adawa da abin. Ni kaina ina tara kuɗin sayen nawa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin 2024 ta haura dubu. Malamin makarantar da ke zaune a Rijiyar Zaki yana koyarwa a cikin gari, ko ma'aikaciyar asibitin da albashinta ke ƙarewa a kuɗin adaidaita, in suka sami abin hawan da za su jona a soket su hau da safe, wa zai ce musu kar su saya? Ga shi ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai, ba zaman jiran layi a gidan mai. Abin alheri ne. Tsorona shi ne halinmu da na sani.

Mu a nan ba ma yi wa abu doka yana ƙarami. Sai mu zuba masa ido ya yi rassa, ya zama abincin dubban gidaje, ranar da wani mummunan abu ya faru kuma a tashi da safe a ji sanarwa a rediyo an hana. Duk wanda ya yi wayo a Kano ya tuna achaba. Shekara da shekaru kowa ya ga dama ya sayi babur ya fito titi, ba wanda ya san sunansa balle inda yake kwana. Sai Janairun 2013, aka kai wa Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a kusa da Masallacin Murtala, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni. Dalilin tsaro ne, kuma a wancan lokacin ba mai musun dalilin. Amma wanda ya ci bashi ya sayi babur yana ciyar da iyali da shi, laifin me ya yi? An haɗa shi da ɓata-gari an yi musu kuɗin goro, domin tun farko ba a yi rajistar da za ta raba su ba. Legas ma haka ta yi ta yi da okada, a 2020, ta sake a 2022, kuma 'yan uwanmu na Arewa ne suka fi jin jiki.

To ga mashin mai caji yana tafiya a kan wannan sawun. Je ka tsaya a shataletalen Dangi ko titin gidan Zoo da yamma ka ƙirga nawa ne za su wuce ba lamba.

Tambayar da Alhaji ya yi mini ita ce ainihin maganar: keke ne ko babur? Ƙasashen da suka riga mu sun amsa ta da awo, ba da kallon siffa ba. A Tarayyar Turai, in injin bai wuce wat 250 ba, kuma yana taimaka maka ne kawai lokacin da kake tuƙa feda, ya kuma ɗauke da kansa in ka kai gudun kilomita 25 a awa, to keke ne, hau abinka. In ya wuce haka ya shiga sahun babura, da lamba da inshora da lasisi. Ingila ta ce ko wannan mai sauƙin sai ɗan shekara 14 zai hau. Chaina, inda akasarin waɗanda muke saye suke fitowa, ta kafa nata ma'aunin a 2019: kilomita 25 a awa, nauyin kilo 55, kuma a lokacin dole da feda. Ka ga ke nan wanda ya ƙera abin ya san iyakar da ya sa wa 'ya'yansa a gida. Mu ne ake kawo mana kowane iri a kwantena, mu miƙa wa ɗan firamare makulli.

Shi kuwa ɗan allon nan mai taya biyu da ake hawa a tsaye, sikuta, ban damu da shi sosai ba, ramukan titunanmu sun ishe shi doka. Amma labarinsa a Faransa abin dubawa ne. Birnin Faris ya bar kamfanonin haya suka cika gari da su, ana yar da su a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ana buge tsofaffi. A Afrilun 2023 aka yi ƙuri'a, kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka ce a kwashe, duk da waɗanda suka fito ɗin ba su kai kashi 8 na masu rajista ba. Zuwa Satumba an kwashe na haya kaf. Jamus kuwa tun 2019 ta ce gudu kar ya wuce kilomita 20, a manna shaidar inshora a jiki, kuma har yau ana hawa. Wanda ya ɗaure akuyarsa da wuri bai kai ga yanka ta don ta ci gonar mutane ba.

Akwai abin da ya fi gudun tayar mini da hankali, kuma ban ji ana maganarsa ba: batir. Ina muke caji? A soro. Yaushe? Lokacin da aka kawo wuta, wato ƙarfe biyun dare, kowa na barci. Da wace caja? Ta asalin ta ƙone tun watan farko saboda wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma, an sayo wata a kasuwa wadda bakinta kawai ya yi daidai. Gidan Bahaushe kuma ƙofa ɗaya gare shi, ta soron nan za a fita. Batirin litiyam in ya kama ba irin wutar da ake kashewa da bokiti biyu ba ce, yana tartsatsi yana sake tashi, hayaƙinsa kuma guba ne. A birnin Niyok na Amurka mutum 18 irin wannan gobarar ta kashe a 2023 kaɗai, har suka hana sayar da batirin da ba shi da shaidar gwaji. A Nanjin ta Chaina, a Fabrairun 2024, wuta ta tashi daga inda ake ajiye irin waɗannan mashina a ƙasan wani bene, mutum 15 suka rasu. Su da motar kwana-kwana ke isa ƙofar gidansu ke nan. Ka tuna lungunan Yakasai ko Ƙoƙi, inda ko adaidaita sai ta yi dabara take shiga. Allah Ya tsare.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Majalisar jiha ta zauna da dillalan mashinan da masu gyaransu da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano da Hukumar Kiyaye Haɗurra, a ja layi. Wanda ba ya wuce kilomita 25 a bar shi a matsayin keke, kada a nemi ko sisi a hannun mai shi, illa a ce yaro ƙarami ba zai hau da shi kwalta ba, kuma fitila da hon dole ne. Wanda ya wuce haka babur ne, ya ɗauki lamba, mai shi ya yi lasisi. Rajistar kuma a yi ta a shagon dillali ranar saye, da kuɗi kaɗan, yadda ake yi wa layin waya. Batir da caja aikin hukumar SON ne mai kula da ingancin kaya, tun daga tashar jirgin ruwa, domin talakan da ya zo saye ba shi da na'urar gane mai kyau da jabu.

Na san abin da za ku rubuto mini a ƙasa: "Malam, kana jawo mana wani sabon haraji ne, kana ba masu tare hanya abin kamawa." Wallahi ina jin wannan tsoron, kuma ba na raina shi. Mun ga yadda dokar hular kwano ta 2009 ta ƙare, har wasu 'yan achaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna wucewa. Dokar da aka yi don tara kuɗi haka take mutuwa. Sai dai ku duba, yanzu da babu rubutacciyar ƙa'ida, duk wanda ya sa kaki ya tare ka shi ne doka. Ya ce babur ne, ina lamba? Ka ce keke ne. Wa zai raba ku? Sai aljihunka. In an rubuta 25 a takarda, kai ma kana da abin nunawa.

Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025, tana tura mutane zuwa masu caji da gangan, da tashoshin da ɗan achaba zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Irin wannan tashar ko a nan za ta raba batir da soron gida.

Jiya da safe na ga Alhaji ya fito da mashin ɗin da kansa zai tafi kasuwa, makullin a ɗaure a jikin na shagonsa. Ya ce ya karɓe daga hannun yaran sai sun girma. Na tambaye shi inda yake caji. Ya ce, "A soro mana, Malam, ina kake so in kai shi?"