Wa zai saurari ɗan ƙauye?

Na karanta wani rubutu da ke cewa zama da likitan ƙwaƙwalwa da aikin fasaha suna rage ciwon zuciyar wanda uba ya tafi ya bari. Ku masu rubutun, na yarda da haka, amma kun rubuta kamar kowa a birni yake. A wani ƙauye kusa da Ringim na tashi. Ina shekara 6 babanmu ya tafi ci-rani Legas, har yau ko saƙo. Duk sanda na tambayi kakata sai ta ce "yi haƙuri", shi ke nan. A wajenmu in aka ji an kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau, cewa ake ya haukace, to wa zai je don zuciyarsa na ciwo kawai? Ɗinkin hula ne ya rage mini, da waƙoƙin da nake rubutawa da dare, ina faɗa wa Baba abin da ke raina. In wani malami ya ce wannan rashin tawakkali ne, to Annabi Yaƙubu, Alaihis Salam, ai baƙin cikin rabuwa da Yusufu ne ya sa idanunsa suka yi fari. Me zai hana a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su riƙa sauraron irinmu?