Wa ya gaya wa makanikanmu cewa sanyin inji lafiya ce?

Wata takwas cur ina yawo da mota mai mura ban sani ba, har ina yi wa wanda ya ɗora mata ciwon addu'ar Allah ya ƙara basira.

A watan Afrilu ne, tsakiyar zafin Kano, Corolla ɗina ta fara ɗaukar zafi duk sanda na shiga cunkoso. Na kai ta gareji. Ogan wurin ko gama ɗaga bonet bai yi ba ya yanke hukunci: "Alhaji, tamostat ce. Wannan abin don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan me za mu yi da shi?" Tamostat dai ita ce 'yar na'urar da take daidaita zafin ruwan inji. Yaronsa ya kwance ƙusa biyu, ya zaro ta, ya wurga cikin wani tsohon galan. Aka kuma haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli ta hau ruri har sai ka kashe mota. Na biya kuɗin aiki, har na ƙara wa yara na abinci.

Tun daga ranar allurar zafi ta kwanta kusa da harafin C, wato ɓangaren sanyi, ta ƙi tashi, ni kuwa ina ta murna. Sai dai tankin da yake kai ni kwana goma ya koma da ƙyar ya ga bakwai. Na zargi masu gidan mai, na zargi ƙanena da yake arar motar, har muka yi sati ba ma shiri. Kowa ya san abin da fetur ya zama tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. A wannan halin mutum zai mayar maka da mota rariya, kuma ka biya shi!

Asiri ya tonu ne a Disamba, da muka ɗauki hanyar Jos bayan sallar asuba. Hunturu yana busawa, na kunna hita, sai iska mai sanyi take fesowa. Uwargida ta lulluɓe yara da mayafinta tana harara ta. Ashe hita da zafin ruwan inji take aiki, inda babu zafin ba ta da abin bayarwa.

A can wani matashi ya jona wa motar na'urar bincike. Ta nuna P0128, wato ruwan inji bai kai zafin da ya kamata ba. Bayan duk wannan doguwar tafiya zafin bai wuce digiri 60 ba, alhali an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Tamostat ɗin irin motata sai wajen digiri 82 take buɗewa ta saki ruwa zuwa lagireto, kafin nan tana tsare shi ne don inji ya ɗumama da wuri. In babu ita, ƙwaƙwalwar mota gani take yi kullum yanzu aka tashe ta da sassafe, sai ta yi ta ɗura mai ba ƙaƙƙautawa. Ya kwance fulogi ɗaya ya miƙo mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya zaro sandar baƙin mai ya ce in sansana. Warin fetur! Man da bai ƙone ba yana gangarawa yana tsinka baƙin mai, injin yana cin kansa a hankali.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tamostat ɗin ba ta da laifin komai tun farko. Lagireto ne ya toshe da tsatsa, saboda shekara da shekaru ruwan rijiya da na leda ake ɗura masa maimakon ruwan inji na gaskiya, nan kam har da sakacina. Wanki kawai yake buƙata. Kuma in ana zargin tamostat, gwada ta bai fi ƙarfin kowa ba: a jefa ta a tukunyar ruwa a ɗora a wuta, in ruwan ya doshi tafasa ta buɗe, lafiyarta ƙalau. Minti goma ne. Amma ina, cirewa ta fi sauƙi.

Wai ƙasar zafi. Makka ba ta fi Kano zafi ba? Irin waɗannan motocin ne fa suke yawo a can da tamostat ɗinsu. Injiniyoyin da suka ƙera injin ba su san akwai Afirka ba ne, sai mai sifana uku a ƙarƙashin bishiyar darbejiya?

Da na dawo na sayi sabuwa a Ƙofar Ruwa, aka wanke lagireto, aka mayar da fanka yadda take, aka canza fulogi da baƙin mai. Yanzu kafin in yi nisa da gida allura ta hau tsakiya ta tsaya cak. Sannan na koma garejin nan da fulogin a hannu na nuna wa ogan. Ya juya shi, ya taɓe baki ya ce, "Ai Alhaji kowa haka yake yi." Na ce to a ba ni tamostat ɗina ta asali, wadda ta zo da motar. Ya kira yaron. Yaron ya sosa ƙeya ya ce ai tun da azumi suka haɗa ta da ƙarafa suka sayar wa 'yan gwangwan.