"Yadda na gani haka na turo" ba ta wanke kowa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana na Sakkwato da kewaye.

Mu koma ga Suratun Nur mu karanta ta a hankali, saboda akwai darasi a cikinta da masu riƙe da waya ke tsallakewa. Lokacin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ƙazafi a Madina, wanda ya ƙulla ƙaryar shi ne shugaban munafukai Abdullahi bn Ubayyu. Amma da Allah Ya saukar da ayoyin wanke ta, bayan kusan wata guda ana jiran wahayi, su wa aka tsayar wa haddi? Hassanu bn Sabit, da Misɗahu bn Usasa, da Hamnatu 'yar Jahshi. Muminai ne na gaskiya, Misɗahu ma ya halarci Badar. Ba su ne suka ƙirƙiri zancen ba. Ji suka yi, suka faɗa wa na gaba. Bulala 80 kowannensu.

A aya ta 15 Allah Ya ce kuna karɓar zancen da harsunanku, kuna faɗar abin da ba ku da saninsa, kuna zaton abu ne mai sauƙi alhali babba ne a wurin Allah. Da harsuna ake karɓa, ba da kunne ba, wato maganar ba ta tsaya a zuciya an auna ta ba. Yau yatsa ya karɓi aikin harshe, kuma ya fi shi sauri.

Ku dubi yadda abin ke faruwa a gidajenmu. An sa ranar yarinya, an kai lefe. Sai ga hotonta a zauren WhatsApp na dangi, da saƙon murya na wata mata da ba wanda ya san ko wace ce, tana cewa an ga yarinyar a wuri kaza da wane. Gwaggo ta saurara, ta ce "Innalillahi", ta tura wa zauren 'yan makarantar Islamiyya, ta rubuta a ƙasa: "Yadda na gani haka na turo, Allah Ya shirya mana zuri'a." Kafin La'asar zancen ya tashi daga Mabera ya isa Arkilla, kafin Magariba yana wayar uwar ango. Gwaggo kuwa ta yi alwala ta yi sallarta, a ganinta ma addu'a ta yi. Wannan addu'ar da ake liƙa wa gulma ta fi komai ba ni tsoro, don tana sa mai laifi ya ji kamar lada yake samu.

To, ko a nan duniya ba a ƙyale ta ba. Mutane da yawa ba su san cewa tun 2015 Najeriya na da dokar laifukan intanet ba, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, aka kuma yi mata gyara a 2024 zamanin Shugaba Bola Tinubu. Sashe na 24 ya tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon batsa, ko saƙon da ya san ƙarya ne don ya ta da fitina ko ya jefa ran wani cikin haɗari. Ɓata suna kuma laifi ne a dokar Penal Code ta jihohin Arewa, kuma ba ta tsaya kan wanda ya fara ba, har da mai yaɗawa. Ga kotunan shari'ar Musulunci a jiharmu, su kuwa ƙazafi ba baƙon zance ba ne a gabansu.

Masu fakewa da sunan bogi da hoton fure, ku farka. Tun ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN, kuma dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta. Ka goge a wayarka, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya adana. Ranar da aka zo da takardar gayyata daga caji ofis, mutum ɗari biyun da suka yi ta tura maka alamar dariya ba ɗaya da zai zo belinka. Tsohonka ne zai cire hula yana ba da haƙuri.

Ba ina cewa dokar nan tsarkakakkiya ba ce. An sha amfani da sashe na 24 wajen kama 'yan jarida da masu sukar mahukunta, har kotun ECOWAS ta yanke a 2022 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, shi ya sa ma aka rage masa faɗi. Wanda ya ce unguwarsu ba ruwa ko asibiti ba magani, yana da hujja a hannu, bai yi laifi ba, kuma kada a tsorata shi da wa'azi irin nawa. Amma faɗar gaskiya da hujja daban, zagin iyayen mutum da laƙa masa zina daban. Malamanmu ma, Allah Ya ƙara musu lafiya, su tsawata wa almajiran da ke yanko rabin maganar wani malami su watsa a TikTok don a tsine masa.

Hadisin Samuratu bn Jundub da Bukhari ya ruwaito ya isa mai hankali. A mafarki aka nuna wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mutum ana tsaga gefen bakinsa da ƙugiyar ƙarfe har zuwa ƙeya, ya warke a sake. Aka ce shi ne mai yin ƙarya a ɗauke ta daga gare shi har ta kai sasannin duniya. A wancan zamani sai ayarin raƙuma ya yi watanni kafin zance ya kai haka. Yanzu datar naira ɗari ta isa.

Wanda ya riga ya tura, istigfari a kan darduma kaɗai bai isa ba, don haƙƙin mutum ne. Ka koma zauren nan da ka tura, da sunanka, ka rubuta cewa abin da ka yaɗa game da wance ba ka da hujja a kansa, ka janye. Sannan ka taka har gidansu ka nemi yafiya. Mai kula da zaure kuma, idan aka jefo irin wannan, ya goge shi nan take ya kira wanda ya turo a waya, kada ya jira sai manya sun yi magana.